Motar da Ta Tashi Babu Mu

Ba a Kaduna aka haife ni ba. A goye aka shigo da ni daga wani ƙauye na ƙasar Zabarma, a yankin da Faransawa ke mulki a wancan zamani. Ban san komai game da hanyar ba. Abin da na buɗe ido na gani shi ne ɗakinmu guda ɗaya a bayan wani gida a Unguwar Kanawa, da igiyoyin shanya da suka ratsa tsakar gida, da warin gawayi a cikin dutsen guga. Baba wanki da guga yake yi wa ma'aikatan gwamnati. Da sassafe zai ɗaure kaya ya ɗora a ka ya gangara rafi, kafin azahar ya dawo da su a jiƙe, ya sa sitaci, ya shanya. Dogo ne marar yawan magana. Inna kuwa gajera ce, mai saurin fushi da saurin dariya. Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. Namiji ta ce masa "ke", mace ta ce mata "kai", matan unguwa su yi ta dariya, ita ma ta taya su. Da yake ni ce 'yar fari, ba ta kiran sunana.

Mai gidan da muke zaune Malam muke ce masa. Bazazzagi ne, akawu a wani ofishin gwamnati, yana da keken da yake gogewa kowace safiya kafin ya hau. Matarsa muna ce mata Gwaggo. Ta haihu ba sau ɗaya ba, amma babu wanda ya zauna, saboda haka ba a jin hayaniyar yara a gidan sai tawa da ta ƙanena. Shi a nan Kaduna aka haife shi, Gwaggo ce ma ta yi masa wankan farko. Yaro ne mai surutu. Yakan fara magana da Zabarmanci ya ƙarasa ta da Hausa, ya bi kaji yana yi musu faɗa da harsunan biyu.

An kama mu ne a shekarun alif ɗari tara da hamsin, kafin a ba da mulkin kai. Ina da kamar shekara takwas, ƙanena bai wuce uku ba. Damina ta fara sauka. Har yau ban san ainihin dalilin ba. Wasu sun ce mutanen da suka gudo wa aikin sojan Faransa ake nema, wasu sun ce duk baƙon da ba shi da takardar ƙasarsa aka ce a tattara. Na tambayi manya da yawa daga baya, kowa da abin da yake faɗa.

Da hantsi suka zo, 'yan sanda masu gajeren wando, tare da wani mutum da ya san gidajen unguwar. Malam yana ofis. Baba yana tsaye yana guga. Suka tambaye shi takarda, ya ce ba shi da ita, ba a taɓa ba shi ba. Suka ce ya taho da iyalinsa. Gwaggo ba ta fita gaban maza, daga bayan ƙyaure ta riƙa cewa, "Ku jira mai gidan mana. Ku bari ya dawo, ya san su, mutanensa ne." Babban cikinsu ya amsa mata da ladabi cewa shi ma aiko shi aka yi. Baba ya buɗe dutsen guga ya juye garwashin a ƙasa, ya zuba masa ruwa, ya ninke rigar da ke gabansa ya ajiye a kan sauran. Inna ta goya ƙanena, ta kama hannuna, muka bi su.

Wani tsohon sito ne aka kai mu, a kan hanyar Mando, mai rufin kwano, an kewaye shi da waya mai ƙaya. An raba filin biyu da wata wayar, maza a can, mata da yara a nan. Mun tarar da mutane da yawa. Akwai Zabarmawa irinmu, akwai Buzaye, akwai mutanen Chadi, akwai ma wasu tsofaffi da suka baro garinsu da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare musu a Kaduna suka zauna. Ba a dukan kowa, ni dai ban gani ba. Amma ba a gaya wa kowa komai. Kullum a ce gobe.

Da safe ake fito da maza su sha iska, a lokacin ne muke ganin Baba. Ƙanena yakan zura hannu ta cikin waya, Baba ya tsuguna ya kama yatsunsa. Yaron bai gane me ya sa Baba ba ya ɗaukarsa ba. Ranakun farko ya yi ta kuka yana jan wayar har ta yanke shi a tafin hannu. Daga baya ya daina zuwa wurin. In Baba ya kira shi sai ya juya baya ya cusa fuskarsa a zanen Inna. Na ga yadda Baba ya miƙe a hankali ranar da hakan ya fara faruwa, ya koma cikin maza ya zauna bai ƙara ɗago kai ba.

Abinci tuwon dawa ne da miyar da ruwa ya fi yawa a cikinta. Idan aka yi ruwan sama, kwanon rufin yana yin ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai, kuma yana yoyo ta ko'ina. Mata su tattara yara a lungun da ya fi bushewa, a cunkushe. A haka ƙyanda ta shigo. Ta fara da 'yar wata Buzuwa, ta bi yara ɗaya bayan ɗaya. 'Yar Buzuwar ta rasu. Uwarta ba ta yi kururuwa ba, ta zauna ne kawai tana kallon ƙofa bayan an fita da gawar. Ba a jima ba jikin ƙanena ya yi zafi, idanunsa suka yi ja, ya ƙi cin komai.

Malam bai bar mu ba. Kusan kullum in ya tashi daga aiki sai ya biyo da kekensa, da ƙwaryar abinci daga Gwaggo ɗaure a baya. Yakan tsaya a bakin ƙofa yana magana da Turanci da babban wurin. Ya yi iya yinsa a saki iyayenmu, abin ya faskara. Amma ranar da ya ga halin da ƙanena ke ciki, ya shiga ya fita har aka yarda ya ɗauki yaron ya kai shi asibiti, bisa sharaɗin shi ne zai tsaya masa.

Inna ta ƙi. Ta goya yaron ta ja da baya. Sai aka kira Baba ya zo bakin waya. Malam ya tsaya daga waje, Baba daga ɓangaren maza, mu daga namu, ana magana ta cikin ƙaya.

Malam ya ce, "In ya kwana a nan haka, ina tsoron abin da zai biyo baya. Ku ba ni shi. Da zarar ya ji sauƙi ni da kaina zan dawo muku da shi."

Baba ya ce, "In aka tafi da mu fa, Malam?"

"Na tambaya. Sun ce ba yanzu ba, sai ruwa ya ɗauke, hanya ba ta biyuwa."

Baba ya dubi yaron. Sannan ya juya ya yi wa Inna magana da harshenmu, a hankali, ya daɗe yana yi. Ban riƙe abin da ya ce ba sai ƙarshensa: gara yaro mai rai a hannun wani. Inna ta kwance goyon. Ƙanena duk da zazzaɓin ya ƙanƙame wuyanta, sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Da ya ga ba ita za ta bi shi ba, ya cafki rigata ya ƙi saki. Malam ya koma ya sake roƙo, aka ce to ni ma in bi shi. Inna ta cire zanen goyon ta ɗaura mini shi a baya da hannunta, ta ja ƙullin har sai da na ji numfashina ya tsaya. Ba ta yi mini sallama ba. Ai kwana kaɗan ne. Ni ma ban waiwaya ba, hankalina yana kan kada in faɗi da yaron a cikin taɓo.

A asibiti aka ba shi gado a ɗakin yara. Gwaggo, wadda ban taɓa ganin ta taka ƙofar gida da rana ba, ta yafa mayafi ta zo ta tare a gefen gadon. Yaron yana cikin zafin ciwo yana ta cewa "hari, hari". Wata ma'aikaciyar jinya ta ɗauka firgita yake yi, wai yana ganin ana kawo masa hari. Na ce mata ruwa yake nema, haka muke kiran ruwa. Gwaggo ta riƙa ɗiga masa da cokali. A hankali ƙurajen suka fito suka bushe, zazzaɓin ya sauka, ya fara karɓar kunu.

Ranar da likita ya ce gobe za a sallame mu, Malam ya hau keke ya tafi ya kai wa iyayenmu albishir. Ina zaune a barandar asibiti na hango shi yana dawowa. Ba a kan keken yake ba, tura shi yake yi. Ya jingina shi da bishiya, ya zo ya zauna a kan dakali kusa da ni, ya aika aka kira Gwaggo.

Ya ce, "Babu kowa a wurin. Ƙofa a buɗe."

Gwaggo ta ce, "An sake su?"

"An kwashe su. Shekaranjiya motoci suka zo da asuba. An nufi iyaka da su."

Gwaggo ta dafa bango ta zauna. Ta yi salati a hankali. Ni kuwa na tambaye shi yaushe motar za ta dawo ta ɗauke mu. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta. Ya ce, "'Yata, ba za ta dawo ba. Amma zan nemo su. Ni na karɓo ku, ni zan mayar da ku."

Daga baya, shekaru bayan haka, Inna ta gaya mini yadda aka yi. Ta ce ta faɗa musu 'ya'yanta suna cikin gari, ta faɗa da Zabarmanci, ta faɗa da guntuwar Hausarta, ta kwanta a ƙasa. Baba ma ya roƙa. Aka ce musu ba a jiran kowa, za a aiko da yaran a baya. Ɗaukarta aka yi aka sa a motar. Sau ɗaya ta ba ni wannan labarin, ba ta ƙara ba.

Muka koma gidan Malam. Gwaggo ta shimfiɗa mana a ɗakinta. Ba a taɓa nuna mana wani bambanci ba, wannan zan faɗa ko'ina. An ɗinka mana kaya, an ba mu abinci har mun ƙoshi. Amma ƙanena da ya fito daga asibiti ba shi ne yaron da ya shiga ba. Ya daina magana gaba ɗaya. Yaron da ke yi wa kaji faɗa ya koma sai dai ya nuna abu da yatsa. Da gari ya waye zai je ƙofar ɗakinmu na baya, wanda Malam ya kulle ya ƙi ba kowa, ya zauna a bakin ƙofar har rana ta same shi. In babbar mota ta wuce a titi sai ya toshe kunnuwa ya ruga ƙarƙashin gado. In ya ga kaki, ko da masinjan ofishin Malam ne ya kawo saƙo, sai fitsari ya zubo masa a tsaye. Ya riga ya daina fitsarin kwance tun kafin a kama mu, amma ya koma yi. Kowace safiya Gwaggo ta fitar da tabarma ta shanya, ba ta taɓa yi masa faɗa ba.

Ni nawa ya fito ta wata hanyar. Na koma ɓoye abinci. Gwaggo takan tsinci guntun tuwo ya yi tsami a cikin tsummokarana, ko ƙosai a ƙarƙashin matashi. Ta ce, "'Yar nan, wa zai hana ki? Tukunya ga ta nan." Na san gaskiya ta faɗa, amma hannuna ba ya bari. Kuma ba na yarda ƙanena ya ɓace mini da gani. Ko banɗaki zan shiga sai na tsayar da shi a bakin ƙofa ina jin motsinsa. Da Malam ya sa ni makarantar 'yan mata, kwanakin farko gudowa nake yi da tsakar rana in zo in leƙa ko yana nan. A raina, duk wanda ka juya wa baya, kafin ka dawo an tafi da shi. Sai da Gwaggo ta riƙa aikowa da shi bakin makarantar lokacin hutun ƙarfe tara, in gan shi, sannan na zauna.

Akwai wata yarinya a layinmu da ta taɓa ce mana 'yan mota-ta-bari. Na cije ta a kafaɗa har jini ya fito. Uwarta ta zo da faɗa, Gwaggo ta ba ta haƙuri, ta rako ta har zaure. Da ta dawo na zaci duka zan sha. Sai ta zaunar da ni ta kwance mini kitso ta fara sabo.

Harshenmu kuma na ajiye shi. Babu wanda ya ce in ajiye. A tunanina na yarinya, shi ne ya sa aka gane mu aka kama mu. Akwai wani tsoho Bazabarme mai gadi da ke wucewa ta ƙofar gidanmu, in ya gaishe ni da harshenmu sai in yi kamar ban ji ba, in amsa masa da Hausa. Ƙanena kuwa ba shi da wanda zai ji shi a bakinsa sai ni. Da bakinsa ya buɗe, bayan watanni masu yawa, da Hausa zalla ya buɗe. Gwaggo tana tankaɗe, ya zo ya dafa gwiwarta ya ce, "Inna, ba ni." Rariyar ta kusa faɗuwa daga hannunta. Ta ce masa, "Gwaggo za ka ce. Innarka tana zuwa." Ta gyara masa ranar, ta gyara masa washegari, ta yi ta gyarawa. Wata rana ya faɗa ta amsa, daga nan ba ta ƙara gyarawa ba. Ban ga laifinta ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Malam ya cika alkawarin nema. Duk ranar da ba aiki yakan je wurin fataken shanu da masu goro da direbobin da ke zuwa arewa, ya kwatanta Baba, ya faɗi sunan ƙauyenmu, ya ba da saƙon baka. Wasu su ce sun ji an ce, wasu su ce ba su san garin ba. Ya rame a shekarun nan. Yakan dube mu muna cin abinci ya tashi ya fita zaure. Na taɓa jin Gwaggo tana ce masa, "Malam, da ba ka ɗauko shi ba da yanzu babu shi." Ya ce, "Na sani. Amma ni na ce musu ba yanzu za a tafi ba."

Shekaru kamar uku suka wuce. Wata rana da la'asar, ina wanke-wanke a bakin rijiya, na ji sallama a zaure da wata irin murya. Wata mata ta shigo, baƙa ƙirin, ƙashin wuyanta a waje, ƙafafunta duk faso, da ɗan ƙunshi a ka. Ta tsaya a tsakar gida tana dube-dube. Sai ta yi magana da Zabarmanci, ta ce ina 'ya'yanta.

Na gane ta tun kafin ta buɗe baki. Shekara uku ina shirya yadda zan ruga in faɗa jikinta. Amma ban ruga ba. Na ajiye kwanon da ke hannuna, na goge hannu a zane, na je gabanta na durƙusa kamar yadda Gwaggo ta koya mini a yi wa baƙi, na ce, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?" Da Hausa. Ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta ɗora hannu a kaina.

Gwaggo ta fito daga ɗaki da gudu, ƙanena yana biye da ita. Matan biyu suka rungume juna suna kuka. Da Inna ta saki Gwaggo sai ta tsuguna ta miƙa wa yaron hannu biyu, ta kira shi da sunan wasan da take kiransa. Ya ja da baya ya shige bayan Gwaggo, ya leƙo ya ce, "Inna, wace ce wannan?"

Hausar Inna ba ta da yawa, amma ta isa ta gane wannan. Hannuwanta suka daɗe a miƙe kafin ta sauke su. Gwaggo ta jawo shi tana cewa, "Innarka ce, ita ta haife ka, je ka mana." Ya fasa ihu ya ƙanƙame ƙafarta. Inna ta ce, "Bar shi. Kai bar shi."

Da Malam ya dawo aka kira tsohon mai gadin ya yi tafinta, don ni na kasa. Ina jin abin da take faɗa rabi da rabi, amma in na buɗe baki in mayar, kalmomin ba sa zuwa. A bakinsa muka ji cewa Baba ya rasu. A iyaka aka raba su, aka wuce da maza wani wuri da ake tsare su ana sa su aiki. Tari ya kama shi a can. Wani da aka sako ne ya kawo mata labari a ƙauye. Ta yi takaba, 'yan uwa suka hana ta tahowa, suka ce mace ba ta bin wannan hanya ita kaɗai. Ta yi ta yi wa mutane daka da surfe har ta samu abin hanya, ta biyo ayarin masu shanu, wani wuri a mota, mafi yawa a ƙasa. Malam ya saurara har ƙarshe kansa a sunkuye. Sannan ya tashi ya ɗauko mabuɗi ya buɗe ɗakin baya. Komai yana nan yadda aka bar shi, sai ƙura da yanar gizo.

Niyyarta ta huta ta koma da mu gida. Ta fara da jawo ƙanena a hankali. Ta dafa masa abin da yake so yana ƙarami, ya ƙi karɓa sai Gwaggo ta karɓa ta miƙa masa. Aka gwada kai shimfiɗarsa ɗakinta, ya yi kuka har ya yi amai, jikinsa ya yi zafi, fitsarin kwancen da ya daina ya dawo. Ya sake yin shiru kamar wancan karon. Kwana da kwanaki ba ya cewa komai, yana bin Gwaggo duk inda ta sa ƙafa, yana riƙe da gefen zanenta.

Wata safiya matan biyu suna tsince shinkafa a faifai ɗaya, ina kusa ina hura wuta. Gwaggo ta ce, "Ɗanki ne. In kin ce a ɗaure shi a sa a mota, wallahi ni zan riƙe miki ƙafafunsa. Zai yi kuka ya gaji."

Inna ta daɗe tana tsintar tsakuwa. Sannan ta ce da guntuwar Hausarta, "An yi masa ɗaya. Ni ba ya yi masa biyu."

Shi ke nan maganar komawa ta mutu. Inna ta zauna a ɗakin baya. Ta riƙa yin kwaɗon zogale tana ba yara suna kai mata bakin titi. Ni na koma ɗakinta da kwana, amma ba mu koma yadda muke ba. Tana yi mini magana da harshenmu ina amsawa da Hausa, har ita ma ta gaji ta koma lallaɓa Hausar. Hirarmu ba ta wuce ta gishiri da itace. Ina sonta, ina yi mata duk abin da ta sa ni, amma in ta matso kusa sai in ji jikina ya sandare. Ina ganin ita ma ta lura, sai ta rage matsowa. Da na san abin da na sani yanzu game da yaran da aka raba da iyayensu, da na gane ba ƙiyayya ba ce, tsoro ne kada a sake. A lokacin babu wanda ya san ya gaya mana haka, mu ukun.

Ƙanena ya girma a tsakanin ɗakunan biyu. Da ya yi wayo ya san wace ce ta haife shi, yana gaishe ta kowace safiya a durƙushe, da ya fara aiki ita yake fara yi wa ɗinkin salla. Amma Iya yake ce mata, Gwaggo kuwa ita yake kira Inna har ƙarshe. Ban taɓa ganin ya zauna a kan tabarmarta ya miƙe ƙafa ba. Ita kuma takan zauna a bakin ƙofarta da yamma, in ya shigo ya wuce ɗakin Gwaggo ta bi shi da ido, in ya fito ta sunkuyar da kai kamar tana gyaran zogale.

Malam ya riga matan biyu rasuwa. Inna ta bi shi bayan 'yan shekaru, a ɗakin bayan nan, ba ta sake ganin ƙauyenta ba. Gwaggo ce ta yi jinyarta.

Bayan an share makoki, ƙanena ya zo gidana. A lokacin shi ma ya zama magidanci, ma'aikaci, da 'ya'yansa. Ya zauna, sannan ya ce, "Yaya, wai yaya fuskar Baba take?"

Na buɗe baki in gaya masa, sai na tarar babu. Ina iya ganin tsawonsa, da bayansa in ya sunkuya, da yadda yake tafiya da kaya a ka. Fuskar ta tafi, ban san yaushe ba. Ba mu da hotonsa. Wadda za ta iya kwatanta mana shi mun binne ta, kuma duk shekarun da ta yi a tsakaninmu babu wanda ya zauna ya tambaye ta a cikinmu.

Na ce masa, "Dogo ne. Ka fi ni kama da shi, haka Inna take cewa."

Ya ce, "Ita ta faɗa miki haka?"

Na ce, "Ita ta faɗa."

Ya tambaye ni ko na san inda kabarin Baba yake, na ce ko sunan garin ban sani ba. Ya gyaɗa kai. Ya ce shi ba ya tuna komai, ko sito, ko waya, ko asibiti, duk a bakin mutane ya ji. Sannan ya duba agogo ya miƙe, ya ce zai je ɗauko yara daga makaranta. Da sauran lokaci sosai kafin a tashe su, amma haka yake yi kullum, yakan je ya tsaya a bakin ƙofa tun ba a buga ƙararrawa ba. Na raka shi zaure, ya hau babur ɗinsa ya tafi.